Yadda Ake Binciken Ƙungiyar da Ta Taka wa Fasahar Zamani Burki da Gangan

Duk ɗalibin da ya karanta fannin gudanar da harkokin kasuwanci a jami'o'in Legas, ko a Akoka ko a Ojo, ya san irin taken da malamai suka fi saurin sa wa hannu idan lokacin rubuta kundin kammala digiri ya zo: tasirin fasahar zamani ga bunƙasar ƙananan sana'o'i, ko kuma abubuwan da ke hana 'yan kasuwa rungumar hada-hadar kuɗi ta waya. A irin wannan take an riga an yanke hukunci tun ba a fita fage ba, domin an ɗauki karɓa a matsayin lafiya, ƙin karɓa kuwa ciwo da ake nema wa magani. Wannan rubutu na masu son bin ɗaya hanyar ne, wato su binciki ƙungiya ko kamfanin da yake da hali, yake da sani, amma ya zauna ya yi shawara ya ce wannan na'ura ko waccan manhaja ba za ta shigo aikinsa ba, ko za ta shigo amma ga iyakarta. Yawancin misalaina daga kasuwannin Hausawan Legas na ɗebo su, domin na yi shekaru ina riƙe wa wata ƙungiyar 'yan gwari littafi a Mile 12 kafin na koma makaranta.

Ka fara sanin inda ma'aunin ya karkata

Kafin ka taka ƙafarka kasuwa, ka zauna ka fahimci abin da ya sa littattafan da ka karanta ba su tanadar wa mai ƙi gurbi ba. A 1962 masanin nan na Amurka, Everett Rogers, ya fitar da nazarinsa kan yadda sababbin abubuwa ke yaɗuwa cikin al'umma, inda ya kasa mutane gida biyar gwargwadon saurinsu wajen karɓa, tun daga 'yan gaba-gaba da ya ba kashi 2.5 cikin ɗari har zuwa na ƙarshe da ya ba kashi 16. Sunan da ya laƙaba wa na ƙarshen nan suna ne na masu jan ƙafa, kuma shi da kansa ya amsa daga baya cewa masu bincike a wannan fanni suna da ɗabi'ar fifita sabon abu, suna ɗaukar cewa kowa zai karɓa, ko ba daɗe ko ba jima. A 1989 kuma Fred Davis ya kawo ma'aunin da har yau ɗalibanmu suka fi ara, wanda ya rataya a kan tambaya biyu: shin mutum yana ganin na'urar za ta amfane shi, kuma yana ganin tana da sauƙin sarrafawa? Ma'auni ne mai kyau a inda ya dace, sai dai ranar da ka kai shi gaban ɗan kasuwar da zai ce maka tana da amfani, tana da sauƙi, amma ba ya so, za ka tarar takardarka ba ta da layin da za ka rubuta wannan amsa.

Saboda haka ka nemi waɗansu ayyukan ka jingina da su. Paul DiMaggio da Walter Powell sun nuna a 1983 cewa ƙungiyoyi kan yi kama da juna ta hanyar matsi iri uku: tilas daga hukuma, kwaikwayon maƙwabci lokacin da ba a san abin yi ba, da kuma abin da ƙwararrun sana'a suka ɗauka shi ne daidai. Duka ukun suna nan a gabanmu. Manufar rage amfani da tsabar kuɗi da Babban Bankin Najeriya ya fara gwadawa a Legas a watan Janairun 2012 ita ce tilas ɗin, na'urar POS da mai rumfar kusa da kai ya ajiye kai ma ka ji sai ka ajiye ita ce kwaikwayon, ɗan Alhaji da ya gama karatun akanta ya dawo yana raina littafin mahaifinsa kuwa shi ne na ukun. Eric Abrahamson ya ƙara a 1991 cewa manajoji ma suna bin yayi, har su kan ɗauki abin da ba shi da fa'ida su yar da mai fa'ida. Wannan ne ya buɗe ƙofar kallon ƙi a matsayin abin da zai iya zama hankali.

Wanda ya fi amfani a fage, a ganina, shi ne rabon da Sally Wyatt ta yi a 2003 na waɗanda ba sa amfani da intanet. Ta kasa su gida huɗu: waɗanda ba su taɓa yi ba kuma ba sa so, waɗanda suka yi suka bari da kansu, waɗanda ba su taɓa samun dama ba, da waɗanda suka taɓa yi aka raba su da abin ba da son ransu ba. Biyun farko ne kaɗai mutanenka. Biyun ƙarshe labarinsu labarin rashi ne, kuma duk kundin da ya cakuɗa mai ƙi da maras hali ya lalace tun daga tushe.

Yadda za ka gane an ƙi ne ko an rasa

Ba a gane wannan da tambayar ra'ayi. Ka duba ko ƙungiyar tana amfani da wata fasahar da ta kai wadda ta ƙi tsada da wuya, domin wanda ke da babbar waya yana tura miliyoyi zuwa Kano kowane mako ba za a ce tsoron na'ura ne ya hana shi wata manhaja ba. Ka duba ko akwai lokacin da aka kawo maganar a taro, wa ya kawo ta, wa ya tsaya a gabanta, kuma da me aka tashi. Sannan ka nemi abin da suka ajiye a gurbinta, saboda mai ƙi da gangan kusan kullum yana da wata hanyar da yake tattali.

Bari in ba da abin da ya faru a gabana. Wata shekara wani matashi cikinmu ya kawo shawarar a kwashe littafin bashin ƙungiya a zuba cikin wata manhaja wadda, idan ranar biya ta zo, ita da kanta za ta tura wa mai bashi saƙon tuni a waya. Ni ma na goyi bayansa, don ni ke wahalar rubutun. Shugabanmu yana zaune a kan benci da wayoyi uku a gabansa, ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce in buɗo shafin wani mutum da motarsa ta kife da kwandunan tumatir a hanyar Mokwa makonni kaɗan kafin nan. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga shi, ranar biyansa jibi ce." Ya ce, "To Malam sakatare, jibin nan na'urar taku za ta tambaye shi kuɗi ke nan? Ita ta je masa jaje?" Babu wanda ya amsa. Abin da aka tsayar ranar shi ne a ci gaba da karɓar biya ta tiransifa, a riƙa tabbatar da shigar kuɗi a asusu kafin a saki kaya saboda alat na bogi, amma rubutun bashi ya zauna a littafi, tuni kuma da baki ake yin sa, mutum da mutum. Da wani ɗalibi ya zo da takardar tambayoyi a makon nan, da ya rubuta mu cikin waɗanda ba su karɓi fasaha ba, alhali mun karɓi rabi mun ajiye rabi, kuma mun san dalilin kowanne.

Wannan shi ne abu na gaba da za ka riƙe: da wuya ka sami ƙungiyar da ta ƙi komai ɗungurungum. Iyaka ake ja, kuma aikinka shi ne ka gano inda aka ja ta. Manyan kamfanonin duniya ma haka suke yi. A ƙarshen 2011 kamfanin Volkswagen ya yi yarjejeniya da wakilan ma'aikata a Jamus cewa za a daina tura imel zuwa wayoyin BlackBerry na wani rukunin ma'aikata minti 30 bayan tashi daga aiki, sai minti 30 kafin a koma. Iyakar lokaci ke nan, irin wadda Faransa ta shigar cikin dokar ƙwadago daga farkon 2017. A watan Mayun 2023 Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da ChatGPT da makamantansa a na'urorin kamfani bayan an zuba bayanan sirri a ciki. Wannan iyakar nau'in bayani ce. A watan Nuwamban 2023 kuma kantunan Booths na arewacin Ingila suka cire na'urorin da mai saye ke biya da kansa daga dukkan rassansu in ban da biyu, suka mayar da mutane kan teburin karɓar kuɗi. Babu wanda ya kira waɗannan kamfanoni 'yan baya, kuma yana da kyau ka tambayi kanka me ya sa ake kiran na Mile 12 haka.

Misalin da ya fi kusa da littafinmu kuwa daga kotu ya fito. A watan Maris na 2009 Kotun Tsarin Mulki ta Jamus ta yanke cewa amfanin da aka yi da na'urorin kaɗa ƙuri'a ya saɓa wa tsarin mulki, bisa hujjar cewa dole ɗan ƙasa ya iya bin diddigin muhimman matakan zaɓe ba tare da ilimin ƙwararru ba. Hujjar dattawan kasuwa ke nan kusan kalma da kalma, ko da ba su taɓa jin labarin ba: littafi kowa zai iya buɗewa ya ga sunansa da abin da ake binsa, manhaja kuwa sai abin da mai riƙe da lambar sirri ya nuna maka.

Shiga fage

Kada ka faɗa kasuwa kai tsaye ka fara tsayar da mutane. Ko Mile 12 za ka, ko mayankar Oko-Oba a Agege, akwai shugabanci, kuma ta ƙofa ake shiga. Ka sami wanda zai kai ka ofishin ƙungiya ko fadar Sarkin Hausawan yankin, ka gaisa, ka nuna takardar makaranta, ka faɗi abin da kake nema da Hausa mai sauƙi. Ka bayyana tun farko cewa ba ka da alaƙa da masu karɓar haraji ko wani banki ko kamfanin da ke tallar manhaja, domin zargin da za a fara yi maka ke nan, kuma ba laifinsu ba ne. Ka guji safiya lokacin da ake sauke kaya ana ciniki. Tsakanin azahar da la'asar ne mutane ke samun bakin magana.

Ka bar kwamfutar hannu a gida. Ni na taɓa yin wannan kuskure a wata kasuwar shanu, na je da tambayoyina a allon na'ura ina latsawa, sai na ga amsoshin suna gajarcewa, kowa na cewa "lafiya lau" da "sai godiya", har wani dillali ya miƙe ya ce zai duba dabbobinsa bai dawo ba. Mako na gaba na koma da biro da ƙaramin littafi, na zauna wajen mai shayi, mutumin nan ne ya zo da kansa ya yi kusan sa'a yana ba ni labarin yadda ake tsayawa wa baƙo a bashi. Abin dariya ne mutum ya je binciken masu gudun na'ura ɗauke da na'ura, amma da yawa suna yi. Idan naɗar murya ta zama dole, ka nemi izini a fili, ka kashe da zarar an ce ka kashe. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sa wannan ya wuce ladabi kawai, kuma ko babu doka, sunan mai bashi da adadin bashinsa asiri ne da aka ba ka amana.

Wajen tambaya, ka nemi labarin abin da ya faru, ka bar neman ra'ayi. Idan ka ce wa mutum me yake gani game da fasahar zamani, zai ba ka amsar da yake zaton ɗan boko na so. Idan ka ce masa ya ba ka labarin watan Fabrairun 2023, sai ka gaji da rubutu. Sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da Babban Banki ya sanar a watan Oktoban 2022 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗin da ya tilasta wa kusan kowa karɓar tiransifa, har Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 3 ga Maris, 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Ga mai bincike wannan lokaci taska ce, domin ya kawar da uzurin rashin sani: kowa ya gwada. Tambayar da za ta raba maka aya da tsakuwa ita ce, bayan kuɗi sun dawo hannu, me suka ci gaba da yi, me suka watsar, kuma a zaman wa aka yanke hakan? Haka nan ka tambayi ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma har hada-hadar bankuna ta yi tangarɗa. Wanda ya riƙe hanyar hannu a matsayin ajiya zai gaya maka yadda ya yi ciniki ranar. Amma ka yi hattara da misalin eNaira, wato nairar intanet ta Babban Banki da aka ƙaddamar a watan Oktoban 2021: rashin karɓuwarta ba hujjar ƙin fasaha ba ce, tun da mutanen da suka kau da kai daga gare ta su ne ke amfani da OPay da Moniepoint kullum.

Ka roƙi a nuna maka littafin da kansa, ko da an rufe sunaye da takarda. Namu mai baƙin bango ne, gefen shafukansa duk tabon ruwan tumatir, wani sunan da boko wani da ajami, kuma wanda ya biya a kan ja layi a kan sunansa a gabansa ya gani da idonsa. A nan za ka ga abin da hira ba za ta nuna ba, kamar bashin da aka ɗage sau uku ba a rubuta dalili ba domin kowa ya san dalilin. Idan kana neman tushen wannan tsari a rubuce, Abner Cohen ya bayyana shi tun 1969 a nazarinsa kan Hausawan Sabo a Badun, inda fataken shanu ke sayar wa mahauta bashi bisa tsayawar maigida da dillalansa, ba tare da takardar yarjejeniya ko kotu ba. Amana ce ke ɗauke da cinikin, kuma duk na'urar da za ta shigo ana auna ta ne da ko za ta ƙarfafa amanar ko za ta ci ta.

Kada ka zama lauyan masu ƙi

A nan ne masu sha'awar wannan batu suka fi tuntuɓe. Bayan ka ji hujjoji masu daɗi daga dattawa, zuciyarka za ta so ta rubuta cewa ƙi hikima ce tsantsa, wanda hakan son zuciya ne irin na farkon, an dai juya shi ne. Ka tambaya: wa ke cin moriyar wannan iyaka, kuma wa ke biyan kuɗinta? Akwai ma'ajin da ke ƙin a mayar da kuɗin ƙungiya asusun banki ba don tausayin kowa ba, sai don ya san alat ba ya mantuwa. Akwai dillalin da ba ya son farashi ya fito fili domin la'adarsa a cikin duhun take. Saboda haka kada hirarka ta tsaya ga shugabanni. Ka ji daga yaran shago, da 'yan dako, da direbobin da ke ɗaukar kuɗi a jiki su bi hanyar da ake tare mutane, da matan da ke saye kwando-kwando su kasa, da kuma manomin da ke can Kano ko Zariya yana jiran a gaya masa nawa aka sayar da kayansa. Idan amsar na sama da ta na ƙasa suka sha bamban, to ka sami babin da ya fi kowanne muhimmanci a kundinka.

Ka lissafa asarar ma. Littafi yana ƙonewa idan gobara ta tashi, yana jiƙewa da damina, kuma idan maigida ya rasu da lissafi a kansa, magada da abokan ciniki kan shiga rigimar da a wasu lokuta sai ta kai gaban malamai ko kotu. Ƙungiyar da ta san waɗannan haɗura ta yi musu tanadi, misali ta ajiye littafi biyu a wurare biyu, ita ce za ka iya cewa da gangan ta ƙi. Wadda ba ta taɓa tunaninsu ba, al'ada ce kawai ke jan ta, kuma ka rubuta hakan ba tare da kara ba.

Idan ka zo rubutu, ka kula da kalmominka. "Cikas", "koma-baya" da "rashin wayewa" duk hukunci ne, ka ajiye su sai inda ka tabbatar. Ka bayyana kowace iyaka da abu huɗu a jimla ɗaya ko biyu: wace fasaha, a wane aiki, wa ya yanke, da wace hujja. In da hali ka kwatanta ƙungiya biyu masu sana'a ɗaya a kasuwa ɗaya, ɗaya ta karɓa ɗaya ta taƙaita, domin hakan ya fi takardun tambayoyi ɗari uku da aka cike a tsaye. Malamin da ke duba aikinka zai iya cewa samfurinka ya yi kaɗan. Ka shirya masa amsa tun a babin hanyoyin bincike, ka nuna cewa shawara kake bin sawu, ba yawan kawuna kake ƙirgawa ba.

Kafin ka miƙa kundin, ka koma wurin mutanen ka karanta musu abin da ka rubuta a kansu da Hausa, su gyara inda ka yi kuskure, kuma ka rubuta ranar da aka yanke kowace shawara, domin iyakar nan tana matsawa. Zuwana na ƙarshe tsohuwar ƙungiyarmu na tarar sabon sakatare yana ɗaukar hoton kowane shafi da waya duk ranar Juma'a yana tura wa mutum uku, saboda tsoron gobara. Tunin bashi kuwa har yanzu ana tashi ne a je rumfar mutum, a gaisa, a tambayi iyali, sannan a kawo maganar.